Allon Fijon Alhaji Gwadabe

Alhaji Gwadabe ya zare fis na huɗu daga akwatin wutar motarsa, ya shafa shi da babban yatsa, ya yi tsaki. Lafiyarsa ƙalau, kamar ukun farko. Sai dai aikin zamani ne: ko lambar jikinsa ba a buga ta yadda mutum zai karanta ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar garejin hukuma kafin ya yi ritaya ya dawo Unguwar Ya da Fijonsa. Kwana tara ke nan fitilun allon gaban motar sun ɗauke masa. In ya fita da asuba zuwa gonarsa ta Fagam, ba ya ganin allurar gudu, balle ta zafin inji. 'Ya'yansa kuwa, tun da ya gogi wata saniya a hanyar Gwaram, suke lallaɓa shi ya bar tuƙi. Da babban ɗansa Jafaru ya ce a kira mai gyaran wuta daga Birnin Kudu, ran tsohon ya ɓaci.

"Waɗannan masu naɗe waya da ledar burodi? Wallahi in aka kira la'asar ban tayar da fitilun nan da hannuna ba, na ba ka mukullin, na bar tuƙi har abada."

Ya sa aka lulluɓe gilasan da barguna domin cikin motar ya yi duhu. Jafaru ya zauna a kujerar gefe, riƙe da kwanon sukurori. Alhaji ba ya neman ra'ayin kowa in yana aiki, kuma ba a tarbiyyantar da Jafaru a kan yi wa mahaifinsa gyara ba.

Ya bi aikin daki-daki, yadda aka koyar da su a da. Ya kankare kan batir. Ya kwance makunni, ya hure shi, ya mayar. Da ya ciro allon, kashin ɓera da ɓawon gyaɗa suka zubo masa a cinya. Ya kakkaɓe babbar rigarsa yana yamutsa fuska. Ya goga bakin wayar a jikin ƙarfe, ya ji ƙarar tartsatsi. Wuta tana zuwa ke nan. Saura ƙwayayen fitilun.

Ya aika kasuwa aka sayo sababbi. Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da allon, ya murɗa makunni, ya ƙura ido.

"Jabu," in ji shi. "Ƙasar da ko ƙwan fitila sai an yi masa algus."

Jafaru ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya cire sababbin, ya jefar da su ta ƙofa, ya mayar da tsofaffin. Ya sake murɗawa. Yana nan zaune, hannunsa a kan sitiyari, ladan ya kira sallar la'asar.

"Na rantse, kuma ba na karya rantsuwa. Ga mukullin nan a jikinta. Amma ka sani, ba aikina ne ya gaza ba, kayan ne na banza."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya fita, yana dafa jikin motar har ya kai inda butarsa take.

Jafaru ya bari har ya yi nisa. Sannan ya miƙa hannu ya kashe fitilun allon, waɗanda ke ci shar da koren haske, kamar yadda suka yi ta ci duk lokacin da mahaifinsa ya murɗa makunnin tun safe.