Shafin da Ba Shi da Madogara

Farfesa ya lashi yatsa ya juya shafi, jan biro a hannu. Shekara talatin ya yi yana koyar da adabin ƙarni na sha tara, kuma ko da ya yi ritaya, ɗalibai ba su daina kawo masa babi har gida ba kafin su kai gaban kwamiti. Mutum ne da ko waƙafi ya ɓace sai ya gano shi.

Wadda ta kawo babin yau tana tsaye jikin kabad ɗin littattafai mai ɗan kwaɗo. Shekararta uku tana bincike kan matan aure a littattafan wancan zamani: wadda aka hana fita, wadda aka ƙona wa wasiƙu, wadda aka ce ta haukace. Ta karanta su har sun daina taɓa mata zuciya.

Shafi ɗaya ne ya kawo ta, na arba'in da ɗaya. Wata biyu tana jiran ya karanta shi, ta ga abin da fuskarsa za ta yi.

Ya iso shafin. Wata mata ce ke ba da labarin kanta. Mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai in ta yi magana gaban baƙi ya gyara mata kalma, a yi dariya. Yana kulle littattafansa don kada ta ɓata su. Ranar da ta yi ɓari, cewa ya yi a jira ya ƙarasa babin da yake karantawa kafin a fito da keken doki.

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ta zuba masa ido.

"Kai! Wannan ai ba miji ba ne, dutse ne," in ji shi. "Mutanen wancan zamani ba su san tausayi ba. Misalin ya yi. Amma ina madogara? Wane littafi, wace shekara? Kwamiti ba zai karɓa haka ba."

"Rubutun hannu ne."

"To, ki nemo sunan mai shi."

Ya rubuta "madalla" a gefe, ya wuce shafi na gaba.

Ta jira fushi ya zo mata, ko kuka. Babu wanda ya zo. Ta juya za ta fita.

"Sai an jima, Baba."

Abu ɗaya tak ta canza daga littafin da ta tsinta a akwatin marigayiya mahaifiyarta: inda Mama ta rubuta "mota", ita ta sa "keken doki".