Tsohuwar Motar Kumasi

Duk garin Konongo ba a taɓa haifar ɗan wasa irin Kwajo Bempa ba. Tambayi kowa. To, tsakani da Allah, sau ɗaya ya taɓa hawa dandamali, a wasan Kirsimeti na coci, shi ma ƙafafun bayan jaki aka ba shi. Amma har yau ana maganar jakin nan, don ya harbi limamin cocin.

Wani direba ne ya tsegunta masa cewa Masta Twumasi, mai ƙungiyar wasan kwansat a Kumasi, wato wasan kwaikwayo da kiɗa, yana neman sabon ɗan wasa, kuma gobe za su fita yawon garuruwa. Nan take Kwajo ya dire almakashi a gaban telan da ke koya masa ɗinki, ya ce sai dai su ga hotonsa a allon talla. Ya bi gida-gida yana sallama. Telan ya rantse in ya dawo ko maɓalli ba zai ba shi ya ɗinka ba. Ka ga ke nan in Masta ya koro shi, babu sana'a, babu fuskar shiga gari.

Ga wata matsala. Direban ya ce Masta ba ya ɗaukar sabon shiga. Kenan sai an haɗa da ƙarya. Ƙarya kuwa tana son gwaji.

A motar katako ya sami wuri kusa da wata tsohuwa. Ɗankwali har gira, hoda kamar ta faɗa buhun garin rogo, ƙafa ta fi ƙarfin takalmi. Tana fifita da wani hannu wanda da gani ya sha dakan sakwara. Kwajo ya ce a ransa, ga abin gwaji Allah ya kawo.

"Mama, kin san da wa kike zaune kuwa?"

"Ina zan sani, ɗan nan," ta ce da 'yar siririyar murya.

"Ɗan wasa ne. Masta Twumasi da kansa ya aiko a ɗauko ni."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Iye! Ka san shi?"

Shi dai sau ɗaya ya ga wasansu, daga kan bishiyar mangwaro a bayan katanga, inda mutane suke kamar tururuwa. Amma baki ya riga ya buɗu. Ya ce a kwano ɗaya suke ci. Ya ce Masta wani ɗan gajere ne mai rowar nama. Ya ce shi ya koya wa Masta rawa, shi ke gyara wa mawaƙa murya, kuma ƙartin nan da ke ɗaura zani suna fitowa a mata, tun da mace ba ta bin ƙungiya, shi ko a cikin duhu yana gane su. Ya ce akwai ranar da ya fito a maraya, Masta ya yi kuka har da majina.

"Wayyo, ɗan yi mana marayan mana," in ji tsohuwa.

Kwajo ya miƙe, kansa ya bugi rufin mota, ya durƙusa tsakanin kwandon tumatir da wata akuya, ya shiga kiran uwarsa da ta mutu. Uwar tana gida lafiya lau tana soya ayaba. Kafin a kai Ejisu matan kasuwa suna share hawaye da bakin zani. Sai ya juya ya zama kawun marayan, mashayi, yana tangaɗi yana tsawata wa akuya. Mota ta kece da dariya. Direba ya kusa shiga rami. Wata ta cusa masa dafaffen ƙwai, wani tsoho ya ce a yi masa alama in za su zo ƙauyensu.

Tsohuwa ba ta yi dariya sosai ba. Ido kawai ta zuba masa, tana sosa haɓa.

Kwajo kuwa kansa ya kumbura. Ji yake in aka buɗe ƙofa tashi sama zai yi.

A tashar Kejetia ta Kumasi ta ce ya taimaka mata da akwati, ai hanyarsu ɗaya. Ya ɗora a ka yana fito. Sai da suka sha kwana biyu-uku ya tuna bai gaya mata inda za shi ba. Tafiya take kamar soja, shi yana haki a baya. Can sai ga ƙarar ganga da kakaki daga wani gida, ga allon talla jingine da bango. Tsohuwa ta kutsa kai ba sallama.

Kwajo ya tsaya turus: ashe gidan Masta ne. Mai dafa musu abinci ce? Ko uwar Masta ce? In ta buɗe baki ta ce ga mai koya wa ɗanta rawa, shi ke nan, sai Konongo, sai dariyar tela.

Ya matso yana raɗa. "Mama, don Allah, zancen mota a bar shi a mota."

Makaɗa suka tsaya cak, suka miƙe tsaye. Wani mai kakaki ya ce, "Yaya sabon zanin? An gane?"

Tsohuwa ta tuɓe ɗankwali, sanƙo ya bayyana yana ƙyalli, ta yi gyaran murya kamar an tada babbar mota.

"Tun daga Nkawkaw ba wanda ya gane, har da wannan mai gani a duhu. Ku ba shi rigar maraya, gobe da shi za mu tafi. Amma kai, maƙaryacin banza, dube ni da kyau: ni ne Mastan da ka ce gajere ne? Kuma yaushe na hana ka nama?"