Tabarma Biyu a Zangon Farko

Kai da kullum amsarka ita ce sai ka gama shiri, matso ka ji misalin wani mai gyaran keke.

A unguwar Hausawa ta wani gari na bakin teku, can kurmi, yake da rumfa, jingine da shagon wani tela. Su biyun baƙi ne a garin, ba iyali ba dangi, sai junansu, kuma a kwano ɗaya suke cin abinci. Wata rana bayan la'asar suna zaune a kan yashi suna kallon ruwa, tela ya ce kakansa da ƙafa ya taka har bakin Bahar Maliya. Me zai hana su da ke da kekuna su ɗebi ruwan wannan teku a kwalba, su je su juye shi a waccan? Suka tafa, suka yi alkawari. Don ta tela, washegari ma a tashi. Mai gyara kuwa mutum ne da ba ya sakin keke sai ya juya ƙafarsa sau goma yana kasa kunne, ya ce tafiyar wata uku ba a yi mata gaggawa.

Ya sayi littafi ya raba hanyar zango tamanin. Ya addabi direbobin manyan motoci da fataken goro da tambaya: ina ake samun rijiya, ina yashi ke riƙe taya, ina ne ba a bi bayan azahar. A kowane zango ya nemo sunan mai masauki, ya aika masa wasiƙa cewa mutum biyu na nan tafe. Ya raba kaya, famfo da faci da sarƙa a kekensa, tukunya da gari da buta a keken tela. Har wanda zai tsare kekuna in ɗaya ya shiga kasuwa sai da ya rubuta. Maganar gaskiya shiri ya yi kyau, aibinsa ɗaya, ba ya ƙarewa. Bana damina ta matso. Baɗi an ce gada ta karye a zango na talatin, sai an sake hanya. Shekarar da ta biyo tayoyin da ya ajiye sun bushe, sai an nemo sababbi. Tela ya ɗinka musu jakunkuna tun a shekarar farko, suna rataye har suka koɗe. Yakan leƙo rumfa ya ce, "Malam, kada fa wankin hula ya kai mu dare." Mai gyara ya yi dariya ya ce ai saura kaɗan.

Sauran kaɗan ɗin nan ya ci shekara goma sha ɗaya. Tela ya kwanta ciwo kwana huɗu, a na biyar aka kai shi makwancinsa. Aka ba wani baƙo shagon, wanda ko sallama ba ya amsawa da kyau. Mai gyara ya zama yana cin tuwo ta gefe guda na kwano, ya bar ɗaya gefen ya huce. Kewa ta dame shi, zaman rumfar ya gagare shi. Ya buɗe littafin nan ya duba tun daga farko, bai ga abin da ya rage a shirya ba, sai ya ce to, bari ya tafi.

A nan ya ga abin da ya yi wa kansa. Kayan keke biyu ba sa hawa keke ɗaya, sau uku yana ɗaurewa keken na kifewa, dole ya bar tukunya da rabin gari. Da ya je bakin teku cika kwalba, babu mai riƙe masa keke, sai kwantar da shi ya yi a yashi. Gwiwoyinsa kuma ba su san da wani littafi ba. Zangon da ya rubuta za a isa da azahar, sai da rana ta yi ja ya iso shi.

Mai masaukin tsoho ne tukuf. Da ya ji sunan baƙo sai ya washe baki, ya ɗaga murya ya ce wa mutanen gida baƙin nan biyu sun iso, a ƙara tuwo. Ya shiga ɗaki ya fito da tabarma biyu a naɗe, gara har ta ci bakin ɗaya.

"Tun ranar da aka karanta mini wasiƙarka na saye su na ajiye," in ji shi. "Ina ɗan'uwan naka, ko yana baya?"

Mai gyara ya juya ya dubi kekensa ɗaya tilo. Tsoho ya dube shi, ya dubi hanya, ya gane. Ya yi addu'a a hankali ya koma ciki. Mai gyara ya zauna a kan tabarma ɗaya, ɗayar na jingine da bango, ga kwanon mutum biyu a gabansa. Ya ɗauko littafi don ya duba hanyar gobe, sai hawaye ya zubo masa. Saura zango saba'in da tara, kuma a kowanne, da hannunsa ya rubuta musu cewa mutum biyu ne ke tafe.

To, ka ji. Shiri ba laifi ba ne, amma abokin tafiya ba ya ajiyuwa kamar famfo da sarƙa. Shi da ya ƙare rayuwarsa da guduma a hannu, ya fi kowa sanin abin da Hausawa ke cewa: da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.