Jijiyar Wuyan Maniyyaci

Likita, kafin ka sa hannu a kan sakamakon nan, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani likita mai karanta hoton cikin jiki na na'urar MRI. Gwani ne, ba laifi, sai dai ya haddace littafi har yana ganin da shi aka auna wuyan kowa. Wata rana aka kawo masa hoton wuyan wani manomi mai fama da jiri, ana dab da tashinsa aikin hajji. Cikin jijiyoyi biyu da ke bin ƙashin wuya suna kai jini ƙeya, ya ga ta dama kakkaura, ta hagu kuwa siririya kamar zaren ɗinki. Gogan naka bai tsaya duba sama da ƙasa ba, ya ce jijiya ta toshe, hawa jirgi ganganci ne. Bawan Allah ya haƙura da kujerar da ya yi shekaru yana noma dominta. Ya raka abokan tafiyarsa sansanin alhazai, ya koma gida da jakarsa.

Bayan jirage sun gama tashi, likitan ya ɗauko hoton zai nuna wa ɗalibai yadda toshewa take. Yana bin jijiyar da bakin biro, sai ya ga kuskurensa. Siririya ce tun daga tushe har ƙarshe, sumul, jini na wucewa abinsa, har ramin ƙashin da take bi ƙarami ne daidai ita. Ashe halitta ce, 'yar'uwarta ta dama ta ɗauke mata nauyi tun mutumin yana cikin uwarsa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ana cikin haka sai ga manomin da zabbi biyu, ya zo godiya. "Likita, Allah ya saka, ka ceci raina," in ji shi. Dole likita ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Dattijon ya shafa wuyansa, ya ce, "Ashe da ita na yi ta ɗaukar dami tun ina saurayi." Ya ajiye zabbin ya fita, ko baƙar magana bai yi ba. Har zabbin suka tsufa a gidan likitan, bai iya sa musu wuƙa ba.

To, koma ka bi jijiyar nan tun daga tushe kafin ka kira ta cuta. Ba kowane wuya ne ya karanta littafinku ba. Hausawa suka ce, Allah ɗaya, gari bamban.