Gizo-gizon Teku a Kawo

Sau uku na ƙirga haƙoran gizo-gizon da madubin ƙara girma, sau uku littafi ya ba ni jinsi ɗaya: wanda ba ya zama sai a duwatsun bakin teku. Ni kuwa a falona na kama shi, a Kawo, cikin 'yan'uwansa.

Shekara goma sha tara ina jiran binciken da zai mai da ni farfesa. Na kira shugaban sashenmu, na faɗa masa abin da na kama.

"Teku a Kawo, Dakta? Motar Legas ya hawo?" Ya kashe waya yana dariya.

Da azahar ina cikin rubutu, uwargida ta leƙo.

"Malam, baƙinka masu saƙa sun shige ramukan bango, sun toshe baki da yana. Layi guda, daga nan har ɗakin yara, sama da taga."

Na buɗe shafi na gaba a littafin. An rubuta cewa wannan jinsi ba ya gini sai inda ruwa zai rufe shi, kuma ba ya toshe ƙofa sai ruwan ya kusa.

Karo na farko a aikina, na roƙi Allah ya sa kuskure na yi.