Mutuwar da Ta Ciyo wa Baba Kyauta

Ina ƙarama Baba ya dawo Ƙaura daga bikin finafinai na shekara, riƙe da wata kyauta ta gilashi. Da la'asar ya tara maƙwabta a zaure, ya kunna fim ɗin da ya ciyo masa ita.

A talabijin na ga Baba ya faɗi, an sa shi a likkafani, mata na kuka. Na waiwaya, ga shi bayana yana ɓare gyaɗa, maƙwabta na ta yaba masa.

Na ce, "Baba, wa anka rufe?"

Ya ce, "Ni mana. Don na iya mutuwa anka ba ni gilashin nan."

Ban gane ba. Bara da aka fito da shi a makara da gaske, sai da na waiwaya.