Tambayar da Ma'u Ya Yi

Malam Halliru ya shafe rairayin zaurensa da tafin hannu, ya ce a sake lissafin. Ɗaliban sunka sunkuya. Ba yara ba ne, magidanta ne masu gemu, waɗanda sunka sauke Alƙur'ani tun tuni, sunka taho Wurno neman ilimin hisabi da rabon gado. Malam yakan ce abin da ya sa yake ƙaunar ilimin ga, ba ya jin kunyar kowa: ko hakimi ya zauna gabansa, rubu'i rubu'i ne.

Wanda ya fi su duka kai shi ne Ma'u, mutumin Taloka, wanda bai tashi ya ga uwa ko uba ba, dangin uwa sunka rene shi. Malam da kansa ya aika anka taho da shi. Bahago ne. In ya duƙa yana zane a rairayi da hagunsa, Malam yakan kau da kai.

Alƙalin Rabah yana neman mai raba gado, kuma Ma'u yake so, amma sai Malam ya ba shi izini. Waɗanda ba su kama ƙafar Ma'u ba duk sun samu sun tafi. Shi kuwa damina ta zo ta wuce, wata ta zo, yana nan. Ranar Alhamis yakan tafi noma fadamar Malam a bakin Rima, kamar sauran ɗalibai. Shinkafa mai kyau takan yi, sai dai Malam ba ya cin ta. Ya ce tana ɓata masa ciki.

Matar Malam, Sabuwa, ba ta iya ɓoye magana ba. "Malam, mi bawan Allah wanga ya yi maka? Ka ɗaure shi kamar rago a turke!"

Ya san gaskiya ta faɗa.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, har anka fara shigowa ana yi masa addu'a a hankali. Da ya tashi, ya sa anka tara ɗalibai da hantsi. Ya ce yau mas'ala guda ce, wanda ya warware ta ya samu izini.

"Mutum ya mutu ya bar fadama. Ya bar mata, da uwa, da ƙane guda. Ku raba."

Yatsu sunka hau rairayi. Abu mai sauƙi: mata rubu'i, uwa sulusi, abin da ya saura na ƙane. Kowa ya zana ya koma ya zauna yana murmushi. Ma'u kaɗai bai taɓa ƙasa ba.

"Allah gafarta Malam, matar tana da ciki?"

Malam ya amsa yana duban tabarma.

"Tana da shi. Ta ma faɗa wa ƙanen. Daga baya ta haifi namiji."

"To, ai ba a rabo sai ta haihu." Ya miƙa hagunsa ya zana. "Mata sumuni, uwa sudusi, saura duk na ɗa."

"Ƙanen fa?"

"Ba shi da ko taki guda. In ya riga ya noma, haram ya ci, sai ya mayar." Ma'u ya yi dariya yana kaɗe hannu. "Ai Malam, ba mai tsallake tambayar ga sai jahili, ko wanda ya san amsarta."

Malam ya ce kowa ya shaida hukuncin, a riƙe shi yadda ya fito daga bakin Ma'u. Sunka shaida. Ya ɗora masa hannu a ka, ya ba shi izini, muryarsa na karkarwa. Ɗalibai sunka ce tsufa ne da sauran zazzaɓi.

Rannan bai shafe rairayin ba. Ya zauna yana duban zanen, karkatacce, irin na mai hagu. Haka wansa Mode, uban Ma'u, yake zane, kafin ya mutu ya bar fadamar bakin Rima, da mata 'yar Taloka mai ƙaramin ciki, da ƙane guda wanda bai taɓa zama jahili ba.